Tarihin Gwajin Aikin Ƙwaƙwalwa, da Abin da Mai Zuwa Gwajin Zai Tarar

Yau za mu yi magana a kan wani irin gwaji da a ke yi a manyan asibitoci, wanda ba a ɗibar jini, ba a yin allura, ba a kuwa shigar da mutum cikin na'ura. Kayan aikinsa fensir ne, da takarda, da agogo, da 'yan katakai, da tambayoyi masu yawa. Sunansa gwajin aikin ƙwaƙwalwa. Fannin ilmin da ya haife shi kuwa masana na ce masa niyurosaikoloji.

Ga misalin inda a ke bukatarsa. A ce wani magidanci mai kanti ya faɗo daga kan babur, ya bugu a ka, ya kwana biyu bai san inda ya ke ba. Rauni ya warke, aka ɗauki hoton kansa, likita ya ce bai ga kome ba, aka sallame shi. Bayan wata uku sai ga matarsa ta komo asibiti ta ce, "Likita, maigidan nan fa ba shi ba ne. Sai ya ba mai ciniki canji sau biyu. Sai ya ajiye kuɗi da hannunsa ya ce an sace. Yaro ya yi motsi kaɗan, sai ya hau shi da faɗa." A gida kuwa dangi sun rabu, waɗansu sun ce sammu ne, waɗansu sun ce iska, waɗansu suka ce ƙiwuya ce kawai. To, hoto ya nuna kamannin ƙwaƙwalwa, amma bai nuna yadda ta ke aiki ba. Wannan gwaji shi ne zai auna aikin. Ba a rana ɗaya aka gano shi ba, kuma kusan kowane sashe nasa akwai wani mutum da ya sha wuya kafin a same shi. Bari mu bi labarin daga farko.

Mu Hausawa har yau mu kan ce, "Na riƙe a zuciya," ko "Zuciyata ta ba ni." Ba mu kaɗai ke nan ba. Mutanen Masar na dā in za su shirya gawar sarki, sai su zaro ƙwaƙwalwa ta hanci su yar, su bar zuciya a ƙirji, don a ganinsu nan hankali ya ke. Duk da haka akwai wata tsohuwar takardar likitancinsu da aka kwafa wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda wani Ba'amurke mai suna Edwin Smith ya saya a Luksor a 1862. Ta ba da labarin masu rauni 48, a ciki har da mutumin da aka fasa wa gefen kai ya kasa magana. Aristotil na Yunan ya tsaya a kan zuciya, ya ce aikin ƙwaƙwalwa sanyaya jini ne. Jalinusu, wanda ya yi jinyar 'yan dambe da takobi, ya ga raunin kai da idonsa, ya ce a'a, ƙwaƙwalwa ce. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙara gaba: ya raba ayyukan hankali, ya sa tara abin da ido da kunne suka kawo a gaban ƙwaƙwalwa, tunani a tsakiya, ajiyar abin tunawa a baya. Wuraren da ya zaɓa ba daidai ba ne, amma ra'ayin cewa hankali ba dunƙule ɗaya ba ne, ayyuka ne daban daban, shi ne tushen gwajin da mu ke magana a kai.

Wajen 1800 wani likita a Biyana, Franz Gall, ya ce shi zai iya shafa kan mutum ya san halinsa, wai kowane tudu a ƙoƙon kai alamar wata baiwa ce, har ya lissafta 27. Wannan shirme ne, ko da ya ke mutane sun biya kuɗi mai yawa a shafa musu kai. Mu wuce.

Ran 13 ga Satumba, 1848, wani shugaban leburori mai suna Phineas Gage, ɗan shekara 25, yana fasa duwatsu don shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa kusa da garin Cavendish a jihar Vermont ta Amurka. Yana danna albarushi cikin rami da sandan ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandan nan tsawonsa ƙafa 3 da inci 7, nauyinsa laba 13 da kwata, watau kamar kilo 6. Ya shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu, ya bi ta bayan ido, ya fita ta tsakiyar ka, ya je ya faɗi can nesa. Mutumin nan bai mutu ba. Cikin 'yan mintoci yana magana, aka ɗora shi a keken shanu aka kai shi gari, likita John Harlow ya yi jinyarsa. Ya tashi yana tafiya, yana magana, yana gane kowa. Amma likitan ya rubuta cewa dā mutum ne mai natsuwa da tsarin aiki, yanzu kuwa ya zama mai zagi, marar haƙuri, ya ƙulla shawara ya warware kafin ya fara. Masu kamfani suka ƙi mai da shi kan aikinsa. Kun ga wannan ya yi kama da labarin mai kantinmu.

Akwai abin da masu ba da labarin Gage su kan manta, ni kuwa ina ganin shi ya fi muhimmanci ga mai jinya. Daga baya ya tafi ƙasar Cile, ya yi shekaru yana tuƙin keken dawaki mai ɗaukar fasinja a doguwar hanya. Wannan aiki ne mai son tashi da wuri, da kula da dabbobi, da iya zama da mutane. Ashe ya sami sauƙi ƙwarai. Farfaɗiya ce ta kashe shi a 1860, shekara kusan 12 bayan haɗarin. Ƙoƙon kansa da sandan suna ajiye a makarantar likitoci ta Harvard.

A 1861 wani likitan fiɗa a Paris, Paul Broca, ya duba wani majinyaci mai suna Leborgne a asibitin Bicêtre. Mutumin ya shekara 21 ba ya iya faɗin kome sai kalma guda, "tan", har ita ta zama sunansa a asibiti. Amma yana fahintar abin da a ke gaya masa, yana amsawa da hannu. Bayan 'yan kwanaki ya rasu, Broca ya buɗe kansa, ya tarar da ɓarna a gaban ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu. Ya tara waɗansu irinsa, a 1865 ya bayyana cewa ga yawancin mutane magana a hagu ta ke. A 1874 wani saurayin likita Bajamushe, Carl Wernicke, ɗan shekara 26, ya kawo kishiyar wannan: majinyata masu zuba magana ba tsayawa, amma maganar ba ma'ana, su kuma ba su fahintar ta wani. Ɓarnar tasu tana can baya kaɗan, saitin kunnen hagu. Shi ya sa har yau mai gwaji ba ya tsayawa a kan cewa "maganarsa ta taɓu". Sai ya gwada faɗa daban, fahinta daban, maimaitawa daban, kiran sunan abu daban, karatu da rubutu daban.

To, sanin wuri ke nan. Sauran ma'auni. Ma'aunin kuwa daga makaranta ya fito, ba daga asibiti ba. Gwamnatin Faransa ta tilasta wa yara shiga makaranta, sai malamai suka rasa yadda za su yi da waɗanda ba su gane karatu. Alfred Binet da Théodore Simon suka shirya tambayoyi 30 a 1905, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, suka gwada yara masu yawa don su san abin da ɗan shekara kaza ya saba iyawa. Dabarar ke nan da a ke bi har yanzu: ba a auna mutum shi kaɗai, sai an gwama shi da tsararrakinsa. Binet ya yi nufin a gano yaron da ke bukatar taimako ne, ya kuwa yi gargaɗi kada a ɗauki sakamako kamar hatimin da ba ya gogewa.

Ba a ji gargaɗinsa ba. A Yaƙin Duniya na Farko rundunar Amurka ta gwada soja wajen miliyan 1 da dubu 750. Aka yi takarda iri biyu, ɗaya ta masu karatu, ɗaya ta hotuna don waɗanda ba su iya karatu ko Turanci ba. A cikin hotunan akwai filin wasan tanis da aka cire wa raga, a ce mutum ya nuna abin da ya ɓace. Yaya baƙon da ya fito daga ƙauyen Italiya, ko baƙin mutumin da ya tashi a gonar auduga, zai san filin tanis? Da suka faɗi, sai wani malami mai suna Carl Brigham ya rubuta littafi a 1923 yana cewa wannan shaida ce waɗansu jinsuna sun fi waɗansu basira. A 1930 shi da kansa ya janye maganar, ya ce ba ta da tushe. Ku riƙe wannan labari, za mu komo kansa.

Yanzu ga inda kuɗi ya shigo, ya kuwa shigo tun da wuri. Da jiragen ƙasa suka yawaita a Ingila, haɗari ya yawaita, sai ga fasinjoji suna kai ƙara kotu suna cewa tun ranar haɗari ba su barci, ba su tuna abu, kansu na juyawa, alhali ba rauni a jikinsu. Likita John Erichsen ya rubuta littafi a kansu a 1866, ya ce ciwon gaskiya ne. Likitocin kamfanonin jirgi suka ce kwaɗayin diyya ne. Ba wanda ke da ma'aunin da zai raba gardama. A Jamus kuma Bismarck ya kafa inshorar rashin lafiya ta ma'aikata a 1883, da ta haɗarin wurin aiki a 1884. Daga ran nan tilas wani ya zauna ya faɗi da lissafi ko nawa ne ƙarfin aikin mutum ya ragu, don a san nawa za a biya shi. Da yaƙin 1914 ya zo, samari dubbai suka komo daga ramukan yaƙi da harsashi ko ɓarɓashin bom a ka. Kurt Goldstein a Frankfurt da Walther Poppelreuter a Kolon suka buɗe wuraren jinyarsu, da ɗakunan gwaji, da wuraren koyon sana'a. Tambaya biyu gwamnati ke yi musu: wane aiki wannan soja zai iya, kuma nawa ne fanshonsa? Ni a ganina, wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin yadda maganar biya ke manne da gwajin nan har yau ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu. A Amurka aka bi lissafi. David Wechsler na asibitin Bellevue a Niyok ya fito da ma'aunin basirar manya a 1939, wanda ya raba ayyukan baki da ayyukan hannu. Jikokin wannan ma'auni su a ke amfani da su yanzu. Ward Halstead ya buɗe ɗakin bincike a Shikago a 1935, ya riƙa bin masu raunin ƙwaƙwalwa har gida da wurin aiki yana kallon inda su ke tuntuɓe, kana ya ƙirƙiro gwaje-gwaje. A ɗaure wa mutum ido a ce ya sa katakai cikin ramukansu da lalube. A ce ya ƙwanƙwasa maɓalli da yatsa iyakar saurinsa har daƙiƙa 10, da dama, kana da hagu. Almajirinsa Ralph Reitan ya ƙarasa aikin, har ya kan dubi lambobi kaɗai, bai ga majinyaci ba, ya faɗi ɓangaren da ɓarna ta ke. A zamanin da ba hoton ƙwaƙwalwa mai kyau, likitan fiɗa na bukatar wannan ƙwarai.

A Rasha kuwa Alexander Luria ya bi wata hanya. A Yaƙin Duniya na Biyu an ba shi asibitin soja a Kisegach, can wajen duwatsun Ural. Shi ba maki ya dame shi ba, so ya ke ya san dalilin faɗuwa. Mutum uku na iya kasa rubuta kalma ɗaya: na farko don ba ya rarrabe sautin, na biyu don ya manta kamannin baƙin, na uku don hannunsa ya kasa wucewa daga wannan baƙi zuwa na gaba. Maki ɗaya ne, amma ciwo uku, magani uku. Cikin majinyatansa akwai wani ƙaramin hafsa, Lev Zasetsky, da aka harba a ka a 1943. Ya farka bai san ko da baƙi ɗaya ba, shi da ya yi karatun injiniya, ba ya kuma ganin rabin abin da ke damansa. Aka gano in ya rubuta kalma da sauri, bai ɗaga fensir ba, bai tsaya tunani ba, hannu ya kan tuna abin da kai ya manta. Da wannan dabara ya rubuta labarin kansa, wajen shafi 3,000 cikin shekara 25. Masu gwaji na kirki a yau su kan haɗa hanyoyin nan biyu, su ƙirga maki, su kuma lura da yadda mutum ya yi kuskuren.

Sai labarin da ya fi duka ban tausayi. A 1953 a garin Hartford na Amurka, likita William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27, Henry Molaison, fiɗa don farfaɗiyar da ta hana shi sakat. Ya cire wani sashe na can ciki daga gefen dama da na hagu. Farfaɗiya ta ragu. Amma daga ran nan Henry bai ƙara ajiye sabon abu a kansa ba. Ya ci abinci, bayan ɗan lokaci bai san ya ci ba. Wata masaniya, Brenda Milner, ta riƙa zuwa daga Montreal ta Kanada tana gwada shi, kullum sai ta sake gaya masa sunanta. Basirarsa kuwa ba ta ragu ba ko kaɗan a ma'aunin Wechsler. Ta sa shi bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, abin da ke da wuya ga kowa. Kwana uku yana yi, kullum yana ƙara gwaninta, kullum kuma yana cewa bai taɓa yi ba. Nan aka tabbata tunawa iri iri ce, ta labari daban, ta hannu daban, kuma mutum na iya zama mai basira alhali tunawarsa ta lalace. Sabo da abin da ya sami Henry, wanda ya rasu a 2008, yau a kan yi wa mai farfaɗiya gwajin tunawa kafin a yi masa irin wannan fiɗa.

A 1971 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci na farko da na'urar CT a wani asibiti a Landan, daga baya MRI ta zo. Waɗansu suka ce to, fensir da takarda sun gama aiki. Ba haka ya zama ba. Neman wurin ɓarna ya koma hannun na'ura, gwaji kuwa ya koma amsa tambayoyin da iyali ke yi: zai iya komawa aiki? A bar masa tuƙi? A bar kuɗin gida a hannunsa? Mantuwar tsohuwar nan ta tsufa ce kawai, ko ciwo ne ya fara?

Yanzu mu komo kan filin tanis ɗin nan. Luria tun a 1931 da 1932 ya je ƙauyukan Uzbekistan ya yi wa manoman da ba su yi makaranta ba tambayoyi. Ya gaya musu a arewa mai nisa inda ƙanƙara ta ke dabba kaza fara ce, gari kaza kuma a can ya ke, to wane launi ce dabbar garin? Sai su ce su ba su je can ba, a tambayi wanda ya je. Wannan ba rashin hankali ba ne, mutum ne da bai saba faɗin abin da bai gani ba. Dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba, in ka ce ya zana agogo ya kasa, ba ka gano kome ba game da ƙwaƙwalwarsa. A nan ƙasar an yi aiki a kan wannan. Daga 1992 likitocin Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa kai da na Indianapolis a Amurka don gwama tsofaffin Yarabawa da tsofaffin baƙaƙen Amurka. Suka yi amfani da tambayoyin da ba su bukatar karatu, suka haɗa da hira da wani na gida wanda ya san tsohon. A sakamakon da suka buga a 1995, cikin 'yan shekara 65 zuwa sama, wajen 2 cikin 100 ne ke da ciwon gigin tsufa a Ibadan, a Indianapolis kuwa wajen 8. Daga wannan aiki aka sami gwajin tsinken ashana: maimakon zane, sai a jera tsinke 4 a yi siffa, a ce tsoho ya jera irinta. Sabo da haka in an kai ku gwaji, kada ku ji kunyar faɗin iyakar karatunku, ko boko ko allo, da harshen da kuka fi sakewa da shi. Da shi za a zaɓi ma'aunin da ya dace da ku.

To, me mutum zai tarar ran gwaji? Waɗanda a kan aika su ne masu raunin kai, da masu shanyewar ɓarin jiki, da masu farfaɗiya, da tsofaffi masu mantuwa, da yaran da karatu ya gagara, musamman bayan sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko ciwon sikila. Akwai gajeren gwaji na minti 10 mai maki 30 da likita kan yi a ɗakin duba marasa lafiya. Wannan tankaɗe ne kawai. Cikakken gwaji ya kan ci awa 2 zuwa 6, wani lokaci a raba shi kwana biyu. Ku yi barci sosai daren, ku karya kumallo, ku zo da tabarau in kuna sawa, da dukan magungunan da ku ke sha, da takardun asibiti na baya. Ku zo da wanda ku ke zaune tare, gama mai mantuwa ba shi ne zai ba da labarin mantuwarsa ba.

Da fari hira ce, wajen awa guda. Sa'an nan a shiga ɗaki shiru, ku biyu. Za a karanta muku jerin kalmomi, kamar 15, sau da yawa, ku maimaita, bayan kusan rabin awa a sake tambaya. Wannan dabarar André Rey ce ta Janiba, shi ne kuma ya fito da wani rikitaccen zane a 1941 da a kan ce a kwafa, kana a zana da ka. Za a faɗi lambobi ku maimaita, sa'an nan ku juyo su daga ƙarshe. Za a ce ku kira sunayen dabbobi iyakar iyawarku cikin minti ɗaya. Za a ba ku katakai masu ja da fari ku haɗa siffa. Za a yi tambaya a kan barci, da baƙin ciki, da fargaba, don su ma suna hana tunawa. Abu ɗaya nake so ku sani don kada ranku ya ɓaci: an shirya tambayoyin su riƙa ƙara wuya har kowa ya kasa, ko farfesa ne. Mai gwaji kuma ba zai ce kun yi daidai ko kun yi kuskure ba, doka ce ta aikin, ba girman kai ba ne. In kun gaji, ku ce a huta.

Kada kuwa wani ya ce zai rage ƙoƙari don a ga ciwonsa ya yi tsanani. Tun gardamar fasinjojin jirgin ƙasa a ke neman maganin wannan, an kuwa samu. A cikin tambayoyin akwai waɗansu masu kama da wuya alhali ko mai raunin gaske ya kan ci su. Wanda ya faɗi a nan, sai a rubuta cewa sakamakonsa duka ba abin dogara ba ne, ya yi asarar wuni, ya yi asarar kuɗi, mai yiwuwa har da diyyar da ya cancanta.

Bayan mako ɗaya zuwa 'yan makonni a kira ku a yi muku bayani, a ba da rahoto a rubuce. Ku nemi kofi naku ku adana, don in an sake gwaji bayan shekara da shi za a gwama. Wani lokaci rahoto ya kan nuna a koma a duba jini, gama ƙarancin bitamin B12, da ciwon maƙoƙo, da waɗansu magungunan barci, duk suna kawo mantuwar da ke da magani.

Sauran maganar biya. Abin da ke sa tsada lokacin masani ne, don bayan awoyin da kuka zauna tare akwai waɗansu na lissafi da rubuta rahoto. A Ingila, tun da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948, wanda likita ya aika ba ya biya, sai dai ya jira layi. A Amurka wanda zai biya daga aljihunsa ya kan kashe dubban daloli. Shirin Medicare na tsofaffi, da aka kafa a 1965, ya kan biya kashi 80 cikin 100 bayan majinyaci ya cika wani kason farko na shekara, in har likita ya nuna lalurar jinya ce. Tun 2019 a ke lissafin aikin masani da awa, zaman gwaji kuwa da rabin awa. Kamfanonin inshora na can su kan so a nemi izninsu tukuna, su kan kuma ƙi biya in gwajin don makaranta ne ko don shari'a. Na makaranta dokar 1975 ta ɗora wa makarantun gwamnati su yi wa yaro kyauta, na shari'a kuwa mai ƙara ko lauyansa ke biya.

A Nijeriya an yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, a 2022 kuma sabuwar doka ta maye gurbinta ta kafa hukumar NHIA. Duk da haka fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun mutane ya ke fita. Mai inshora sai ya fara daga asibitin da ya yi rajista, a ba shi takardar turawa, kamfanin da ke kula da inshorarsa ya ba da lambar izni kafin ranar gwaji, ba bayanta ba. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuwa, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, hukumar NSITF ke riƙe da asusun, ya kamata a kai rahoton haɗarin da wuri. Masu yin gwajin a kan same su a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, irin na Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Kafin ku sa rana ku tambayi abu uku a ofishin kuɗi: nawa ne duka, ko kuɗin ya haɗa da rahoto da zaman bayani, kuma da wane harshe za a yi gwajin. Ku karɓi rasiɗi.